Rahoton shugaban jami'a: me ya kamata iyaye da ɗalibai su duba a ciki?

Abu_Hafsat:
Assalamu alaikum jama'a. Kusan duk ƙarshen zango sai shugaban wata jami'a ya fitar da takarda, ko ya yi jawabi a bikin yaye ɗalibai, yana lissafa abin da aka cim ma: kwasa-kwasai kaza sun tsallake tantancewar Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa (NUC), an buɗe sabon ɗakin lacca, an ƙulla yarjejeniya da wata jami'a a ƙasar waje, an hau a jerin jami'o'in duniya, an kai wa ƙauyukan da ke maƙwabtaka aikin jinya kyauta. Iyaye su karanta su ji daɗi su tura 'ya'yansu. Tambayata ita ce, a cikin waɗannan wanne ne mai nauyi, kuma ta wace hanya uba ko ɗalibi zai bincika ya tabbatar? Ni a ganina tantancewar NUC ce kaɗai abin dubawa, sauran duk ƙari ne. Masana a gyara mini.

Tsohon_Magatakarda:
Wa alaikumus salam Malam Abu Hafsat. Ka kama babban reshe, amma kalmar "tantancewa" ita kaɗai ba ta isa ba, domin sakamakonta hawa uku ne. Akwai cikakkiya, wadda kwas yake samu idan ya ci kashi 70 cikin ɗari ko fiye, kuma tana aiki shekara 5. Akwai ta wucin gadi, daga 60 zuwa 69, wadda shekara 2 kawai take yi a sake dawowa. Ƙasa da 60 an hana ke nan, kuma daga nan sashen ba zai sake ɗaukar sababbin ɗalibai ba sai ya gyara. Wani abin da mutane ba su cika sani ba shi ne, jimillar maki ba ta wadatarwa. Dole a ci 70 a kowane ɗaya daga manyan ɓangarori huɗu: harkar karatu, malamai, gine-gine da kayan aiki, sai laburare. Sashe zai iya tara 75 a jimilla amma ya faɗi a ɓangaren malamai, ya tashi da ta wucin gadi.

To idan rahoto ya ce "an tantance kwasa-kwasanmu", tambayar farko ita ce nawa suka samu cikakkiya, nawa ta wucin gadi, kuma a wace shekara. Kada a karɓi jimilla, a nemi sunan kwas ɗin da yaro zai karanta.

Maman_Ilham:
Baba Magatakarda, idan aka hana kwas tantancewa alhali yaro yana aji uku, ya makomarsa?

Tsohon_Magatakarda:
Hajiya, hanin yana faɗawa ne a kan sabuwar ɗauka. Waɗanda suke ciki sukan ƙarasa. Babban haɗarin yana ga wanda aka ɗauka bayan an hana, ko wanda aka ɗauka a kwas ɗin da tun farko NUC ba ta amince a buɗe shi ba. Kafin a fara sabon kwas sai hukumar ta turo ayari ya duba ko akwai malamai da kayan koyarwa, wannan daban yake da tantancewa, wadda ake yi bayan ɗaliban farko sun yi nisa. Jami'ar da ta tsallake wannan matakin, ɗalibanta ne za su sha wuya ranar neman tafiya hidimar ƙasa.

Yar_Tsangaya:
Bari in ƙara a kan batun malamai, don a nan ne yawancin sassa suke tuntuɓe. Ƙa'idar NUC malami 1 ga ɗalibai 30 a fannonin adabi, shari'a, ilimi da zamantakewa; 1 ga 20 a kimiyya; 1 ga 15 a injiniyanci da aikin gona; 1 ga 10 a likitanci. Sannan ba yawa kawai ake so ba, ana duba tsarin muƙamai: kashi 20 farfesoshi da masu bi musu, kashi 35 manyan malamai, kashi 45 na ƙasa da su. A ce sashen kimiyyar sinadarai yana da ɗalibai 600, malamai 30 yake buƙata, 6 daga ciki a matakin farfesa ko na kusa da shi, 10 ko 11 manyan malamai.

Abin da ke faruwa a wurare da yawa shi ne cike gibi da malaman aro, masu zuwa daga wata jami'a a matsayin baƙi ko masu hutun shekara. A takarda lissafi ya cika, amma mutum ɗaya sunansa yana jami'a uku. Zai zo ya haɗa laccar wata guda a kwana biyu ya koma. Har kayan ɗakin gwaje-gwaje akan aro kafin zuwan ayari a mayar bayan sun tafi. Shi ya sa ban yarda da Malam Abu Hafsat cewa tantancewa ita kaɗai ce ma'auni ba. Hoton kwana uku ce, ba ta nuna sauran shekara.

Abu_Hafsat:
Na karɓi gyara Malama. To mene ne zai nuna sauran shekarar?

Yar_Tsangaya:
Kalandar karatu. Yaushe aka fara zango, yaushe aka gama jarrabawa, yaushe sakamako ya fito. Sakamako yana bin hanya ne: malami ya duba ya haɗa makin gwaji da na jarrabawa, kwamitin sashe ya zauna, na tsangaya ya zauna, sannan majalisar malamai ta jami'a ta amince. Malami ɗaya da ya riƙe takardun kwas ɗin da ɗalibai dubu suka ɗauka zai iya tsayar da tsangaya guda. Shugaban da ya ce a rahotonsa "sakamakon zangon farko ya fito kafin a fara rajistar na biyu", wannan ya yi aiki babba ko da bai aza bulo ɗaya ba, domin ɗalibin da bai ga sakamakonsa ba bai san kwas ɗin da zai maimaita ba, sai ya yi rajista a makance.

Dan_Ajin_Karshe:
Wannan haka yake. Kuma jinkirin yana bin ɗalibi har hidimar ƙasa, wato NYSC. Sai majalisar malamai ta amince da sakamako ake ɗora suna a jerin da ake tura wa hukumar hidimar ƙasa, kuma dole sunan ya dace da wanda ke rajistar JAMB harafi da harafi. Wanda ya haura shekara 30 a ranar kammalawa takardar yafewa ake ba shi, ba ya tafiya. Yajin aikin ASUU na 2022 wata 8 ya ci, daga Fabrairu zuwa Oktoba, kuma jami'o'i sun daɗe suna matse zanguna don su rama.

Bakatsine_01:
Ni tambayata ta harshe ce. Wasu gidajen rediyo suna cewa "mataimakin shugaban jami'a", wasu "shugaban jami'a". Mutum ɗaya ne ko biyu?

Tsohon_Magatakarda:
Mutum ɗaya ake nufi, fassara ce ta kawo ruɗani. Wanda yake gudanar da jami'a kullum shi ne shugaban jami'a, kuma a jami'o'in tarayya wa'adi ɗaya yake yi na shekara 5, ba tazarce. Uban jami'a muƙamin girmamawa ne, yawanci babban sarki ake ba wa, shi ke jagorantar bikin yaye ɗalibai. Sai shugaban majalisar gudanarwa, wadda ke riƙe da kuɗi, kadarori, ɗaukar manyan ma'aikata da naɗa shi kansa shugaban jami'ar. Harkar karatu da jarrabawa kuwa ta majalisar malamai ce, shugaban jami'a ke jagorantarta. A sama duka akwai Shugaban Ƙasa a jami'ar tarayya, ko gwamna a ta jiha. Masu taimaka wa shugaban su ne suka cancanci a kira mataimaka, ɗaya na karatu ɗaya na mulki, wasu jami'o'in har da na bincike.

Wannan wa'adin na shekara 5 yana da alaƙa da tambayar farko. Ginin da aka buɗe a shekarar farko ta shugaba, kusan kullum na gabansa ne ya nemo kuɗin kuma ya ba da kwangilar.

Injiniya_MB:
Tun da an zo kan gini, ga yadda ake karanta shi. Kusan duk sabon gini mai kyau a jami'ar gwamnati za ka ga allon TETFund, wato asusun tallafa wa manyan makarantun gwamnati, a jikinsa. Kafin sabuwar dokar haraji ta 2025, kuɗin daga harajin ilimi ne da ake cira daga ribar kamfanoni, wanda ya fara a kashi 2, ya koma 2.5, dokar kuɗi ta 2023 ta kai shi 3. Ana raba shi kashi biyu ga jami'o'i, ɗaya ga kwalejojin kimiyya da fasaha, ɗaya ga kwalejojin ilimi. Jami'o'i masu zaman kansu ba sa ciki. Ma'ana kason shekara yana zuwa ko wane ne shugaba. Gwanintar shugaba tana wajen fito da kuɗin da kuma ƙarasa aikin.

Ba a sakin kuɗin gini gaba ɗaya. Jami'a ta kai zane da ƙiyasin kayan aiki, a ba ta amincewar farko, ta tallata kwangila bisa dokar sayayya ta 2007, sannan a saki kashi 50. Sai jami'an asusun sun zo sun ga aikin ya kai inda ya kamata a saki 35, a ƙarshe 15 bayan an kammala. Inda ake maƙalewa: an yi ƙiyasi da farashin siminti da rodi na bara, kafin a saki kashi na biyu farashi ya ninka, ɗan kwangila ya tsaya yana neman ƙari, jami'a ba ta da hurumin ƙarawa daga wannan asusun. Gini ya tsaya a linta shekara biyu, kuma muddin ba a rufe lissafin tsohon aiki ba, fito da sabon kaso yana wahala.

Saboda haka idan rahoto ya ce "an gina", a tambaya: an miƙa makulli? An sa kujeru? An ja wuta da ruwa? Ɗakin lacca mai cin mutum 500 da ba lasifika ba fanka, na layin baya ba ya jin komai, a watan Afrilu kuma ba mai iya zama awa biyu a ciki.

Mai_Lissafi:
Injiniya ya taɓo wuta, kuma a yau ita ce ke cinye kuɗin shigar jami'o'i. A Afrilun 2024 aka ɗaga farashin wuta na rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wuta, zuwa naira 225 kowane yunit, daga ƙasa da naira 70. Ku yi lissafi da ni. Harabar da ke jan megawat 1 dare da rana, a wata tana shan yunit 720,000. A farashin Afrilun 2024 naira miliyan 162 ke nan, alhali kafin nan kusan miliyan 50 ne. Babbar jami'a kuwa mai ɗakunan kwana, gidajen ma'aikata da injinan turo ruwa ta wuce megawat ɗaya nesa. Janareta ma ba mafita ba ce: mai ƙarfin kVA 500 idan yana ɗauke da kashi uku cikin huɗu na nauyinsa yana shan kusan lita 80 ta dizal a awa.

Rahoton da bai ambaci kuɗin wuta da bashin da ake bin jami'a ba, ya bar rabin labari. Albashi daga gwamnati yake zuwa, gini daga TETFund, amma wuta, ruwa, shara, tsaro da takardun jarrabawa daga kuɗin rajistar ɗalibai ake biya. Nan ne asalin ƙarin kuɗin makaranta da aka yi ta gani daga 2023.

Injiniya_MB:
Shi ya sa tashar hasken rana take cikin abin da ya cancanci a kira nasara. Wadda aka buɗe a Jami'ar Bayero a Satumban 2019 megawat 7.1 ce, ƙarƙashin shirin Hukumar Samar da Wuta a Karkara. Ga duk jami'ar da za ta samu irin wannan, abin lura uku ne. Ƙurar hunturu tana rufe faranti ta rage wuta sosai, don haka sai da ma'aikatan wanki da ruwan da ba shi da gishiri. Batir yana da iyakar rai, na dalma shekara 3 zuwa 5, na litiyom kusan 10, kuma zafi yana rage masa kwana idan ɗakinsa ba sanyi. Na uku inbata, wadda idan ta ƙone sai an yi odar kayan gyara daga waje. Idan ba a ware kuɗin canjin batir tun ranar buɗewa ba, bayan 'yan shekaru tashar rana kawai za ta riƙa aiki, dare a koma dizal.

Maman_Ilham:
Mu iyaye mata ɗakin kwana da ruwa ne damuwarmu. Ba a cika sa su a rahoto ba sai dai a ce an gina sabon hostel.

Injiniya_MB:
Hajiya, adadin gadaje za ki tambaya, ki kwatanta da adadin ɗalibai. Sannan ɗaki na mutum nawa ne a takarda, mutum nawa ne ke kwana a ciki. Ɗakin mutum 4 da mutum 10 ke ciki shi ke kashe banɗaki da sokawe, domin an haƙa ramin ne da lissafin mutum 4. Ruwa kuma, ko a lita 50 ga kowane ɗalibi a rana, ɗalibai 5,000 lita 250,000 suke buƙata. Rijiyar burtsatse mai ba da lita 1 a daƙiƙa, in ta yi aiki awa 10 lita 36,000 ce, sai an haɗa guda 7 kafin a kai, kuma duk suna jiran wuta. A ƙasar dutse irin ta Kano da Zariya rijiyoyi da yawa ba sa ba da ko wannan a watan Maris da Afrilu. Jami'ar Ahmadu Bello madatsar ruwa gare ta a kan Kubanni da matatarta, wannan shi ne irin tanadin da babbar haraba take buƙata.

Baba_Alkali:
Ina so in koma kan maganar Malam Abu Hafsat. Ko NUC ta ba da cikakkiyar tantancewa, kwasa-kwasan sana'a suna da wata ƙofa ta biyu. Shari'a tana ƙarƙashin Majalisar Ilimin Shari'a, wadda ke yanka wa kowace tsangaya adadin da za ta tura makarantar horon lauyoyi. Likitanci na majalisar likitoci MDCN ne, injiniyanci na majalisar injiniyoyi COREN, haka haɗa magunguna da jinya kowanne da majalisarsa. Tsangayar da aka ba gurbi 100 ta ɗauki 250, ta tara wa kanta layi. Ɗalibi ya gama digiri ya zauna gida shekara ɗaya ko biyu yana jiran a kai kansa. Shugaban da ya yi alfaharin yawan waɗanda ya ɗauka a shari'a ko likitanci, a tambaye shi gurbin da majalisar sana'ar ta ba shi.

Dan_Ajin_Karshe:
Allah ya ƙara girma Baba. Haka ma ɗaukar ɗalibai ta bayan fage. Tun 2017 JAMB ta kawo CAPS, tsarin ba da gurbi ta intanet, duk gurbin da bai bi ta can ba ba shi da inganci. Ɗalibi ya shiga shafinsa ya ga an ba shi, ya danna ya karɓa, ya buga takardar JAMB. Takardar jami'a ita kaɗai ba ta wadatar ba.

Malamin_Gona:
Jama'a an daɗe a cikin haraba, a fito waje kaɗan. Ɓangaren hidima ga al'umma shi ne Malam Abu Hafsat ya kira ƙari, ni kuwa a nan nake ganin jami'a take biyan bashin talakan da bai taɓa shiga aji ba. Misali a fili yake a Samaru. Cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) asalinta ya girmi jami'ar ma, tun 1922, ita kuwa ABU 1962. Duk irin da ka ji sunansa ya fara da SAM daga can ya fito: SAMMAZ masara, SAMSORG dawa, SAMNUT gyaɗa, SAMPEA wake, SAMCOT auduga. Waken SAMPEA 20-T da aka saki a Disamban 2019 yana jure tsutsar da ke cin fure da kwanso, ya rage feshi daga sau 6 zuwa 8 ya koma sau 2 a damina. A Shika kuma cibiyar NAPRI ta fitar da kazar Shika Brown mai ƙwai, wadda ta dace da yanayinmu.

Amma ga inda za a auna rahoto. "Mun samar da sabon iri" mataki ne na farko kawai. Sai an gwada shi a wurare daban-daban, an gwada a gonakin manoma, kwamitin ƙasa na sakin iri ya amince ya yi masa rajista. Bayan nan mai bincike yana da 'yan kilo ne kawai a hannunsa. Daga wannan ake noma irin tushe, daga irin tushe kamfanoni su noma wanda hukumar iri ta ƙasa za ta sa wa shaida a sayar wa manomi. Kowane hawa damina guda yake ci, sai in an haɗa da noman rani. Idan ba kamfanin da ya ɗauka, iri zai zauna a ɗakin sanyi shekara goma ba manomin da ya gan shi. Tambayar da ta dace ita ce tan nawa aka ninka, kuma a wace kasuwa manomi zai same shi kafin ruwan farko.

Bakatsine_01:
Malam, wannan waken ba shi ne wanda aka sauya wa ƙwayar halitta ba? Mutane suna ɗar-ɗar da shi.

Malamin_Gona:
Shi ne, harafin T ɗin ma alamar haka ce, kuma sai da hukumar kula da lafiyar irin waɗannan halittu ta ƙasa ta ba da izini kafin a sake shi. Haka masarar TELA da aka saki a Janairun 2024. Abin da ya kamata manomi ya sani a aikace: waken tsutsar kwanso kawai yake karewa, ba ya hana sauran kwari irin masu tsotsar kwanso, shi ya sa feshi biyun nan ba a barin su. Wanda ya ji an ce "ba ya son magani" ya ƙi feshi gaba ɗaya zai yi asara ya zargi irin. Isar da wannan bayani aikin malaman gona ne, kuma ABU tana da cibiyar NAERLS don haka. Muhawarar yarda da irin ko ƙin sa ta cancanci zaure nata daban.

Likitan_Ido:
A kan aikin jinya kyauta da ake sawa a rahoto. Da farko asibitocin koyarwa na tarayya, irin na Malam Aminu Kano, na Shika da na Sakkwato, suna ƙarƙashin Ma'aikatar Lafiya ne, da hukumar gudanarwarsu da shugabansu daban. Alaƙarsu da jami'a ta koyar da ɗalibai ce da manyan likitocin da suke malamai. Don haka a bambanta aikin asibiti da na jami'a.

Na biyu, adadin waɗanda aka duba ba ya nuna amfani. Aikin yanar ido minti 15 zuwa 20 ne a hannun gwani, amma dole a ga majiyyaci washegari, a sake ganinsa bayan mako ɗaya ko biyu, sannan wajen mako na shida, kuma ya riƙa ɗiga magani duk tsawon lokacin. Ayarin da ya yi aiki ya tafi bai bar wanda zai bibiya ba, idan ido ya kama ciwo cikin kwanakin farko ana iya rasa shi gaba ɗaya. Haka gwajin hawan jini da sukari: ka auna mutum ka ba shi maganin mako biyu, ba takardar tura shi asibiti, ba ka canza masa komai ba. Rahoto mai kyau zai ce mutum nawa aka yi wa aiki, nawa suka dawo bibiya, wane asibiti aka damƙa wa sauran.

Yar_Tsangaya:
Likita ya yi daidai. Irin wannan ma'aunin ya hau kan yarjejeniyar fahimtar juna da ake ɗaukar hoto ana sa hannu. Ita ba ta ɗora wa kowa nauyi. Sai an biyo ta da yarjejeniyar aiki mai kasafi, da sunan malamin da zai riƙe, da wa'adi. Ku kwatanta da Cibiyar Noman Ƙasa Mai Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero, wadda ta shiga shirin Bankin Duniya na cibiyoyin ƙwarewa na Afirka. A wannan shirin sai ka nuna sakamako ake sakin kuɗi: ɗalibai nawa na digiri na biyu da na uku, nawa daga wasu ƙasashe, nawa mata, maƙalu nawa aka buga. Masu bincike na waje ne ke tabbatarwa. Irin wannan idan ya fito a rahoto, an riga an tace shi.

Mai_Lissafi:
Jerin jami'o'in duniya ma kala-kala ne. Webometrics yawanci ƙarfin jami'a a intanet yake aunawa da yadda ake ambaton binciken malamanta. Babban jerin Times Higher Education kuwa sai jami'a ta buga maƙalu 1,000 cikin shekara 5 a mujallun da aka yarda da su kafin ma a saka ta. Suna da wani jerin dabam na muradun ci gaba mai ɗorewa, wanda jami'a ce ke tura bayananta. "Mun zo na kaza" ba tare da sunan jerin da shekarar ba, ba a iya auna shi.

Bamaradiya:
Gaisuwa daga Nijar. A wajenmu abin ya ɗan bambanta. Ƙarin girman malamai a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, ko ta Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi, ko ta André Salifou a Damagaram, ta hannun CAMES yake bi, majalisar da ƙasashe masu amfani da Faransanci suka kafa a 1968, mai hedikwata a Wagadugu. Malami zai tura takardunsa ƙwararru daga ƙasashe daban-daban su duba. Saboda haka shugaban jami'a idan ya ce malamansa kaza sun ci CAMES a bana, abu ne da ba shi ya ba su ba. Abin da iyaye suka fi dubawa kuma shi ne ko shekarar karatu ta ƙare a kan lokaci, da ko kuɗin tallafin ɗalibai ya fito. Maganar Malama Yar_Tsangaya ta kalanda ta yi daidai da namu.

Maman_Ilham:
Tun da 'yar'uwa ta ambaci tallafi, rancen karatu na asusun NELFUND a Najeriya fa? Ina ganin shugabanni suna sa adadin ɗalibansu da suka samu a cikin nasarori.

Dan_Ajin_Karshe:
Mama, suna da hannu a ciki, don haka ba laifi su sa. An sa hannu a dokar a Afrilun 2024, aka buɗe shafin nema a Mayu. Amma ɗalibi ba zai iya nema ba sai makarantarsa ta ɗora bayanansa. Yana buƙatar lambar JAMB, lambar ɗan ƙasa ta NIN, BVN da lambar rajistar makaranta, kuma suna da ranar haihuwa su zo ɗaya a duka. Bambancin Muhammad da Mohammed kaɗai yana tsayar da nema. Kuɗin makaranta asusun jami'a ake turawa kai tsaye, na kashewa naira 20,000 a wata kuma asusun ɗalibi. Biya yana farawa shekara 2 bayan hidimar ƙasa, kashi 10 na albashi, ba ruwa. Matsalar da ke tasowa ita ce ɗalibi ya ciyo bashi ya biya rajista don kada a rufe, daga baya kuɗin NELFUND ya shiga asusun jami'a. Dole a mayar masa. Rahoto ya faɗi mutum nawa aka mayar wa da kuma tsawon lokacin da ake ɗauka.

Abu_Hafsat:
Na ƙaru ƙwarai, Allah ya saka. Amma har yanzu ina nan a kan cewa ga uban da zai zaɓa wa ɗansa makaranta, tantancewa ce farko, don ita ce idan babu, takardar ma ba ta da amfani. Irin wake da tashar wuta alheri ne, amma ba su ke sa a karɓi digiri ba.

Malamin_Gona:
Ga uba haka ne Malam. Amma rahoton ba uba kaɗai ake rubuta wa ba. Manomin da aka karɓi gonar kakansa aka kafa jami'a a kai, shi ma yana da haƙƙin ya ji abin da ya dawo masa: 'ya'yan garin nawa aka ɗauka, ƙananan ma'aikata nawa 'yan yankin ne, makarantar firamare da asibitin cikin haraba suna karɓar mutanen gari ko a'a. A ƙa'idar ɗauka ta jami'o'in tarayya kashi 45 cancanta ne, 35 na jihohin da ke kewaye, 20 na jihohin da aka bari a baya a ilimi. Wannan ma abin bugawa ne a rahoto, jiha-jiha.

Tsohon_Magatakarda:
Ga mai son bincikawa da kansa. Sakamakon tantancewa NUC tana aika wa jami'a a rubuce, kuma ofishin tsare-tsaren karatu ne ke ajiye wasiƙar, shugaban sashe ma yana da kwafi. Ƙasidar JAMB ta kowace shekara tana nuna kwasa-kwasan da aka yarda jami'a ta ɗauki ɗalibai. Littafin bikin yaye ɗalibai yana ɗauke da sunaye da ajin digiri, daga nan za ka ga nawa suka fita a kowane sashe ka kwatanta da nawa aka ɗauka shekara huɗu ko biyar baya. Lissafin kuɗi kuwa masu binciken kuɗi na waje suna dubawa duk shekara su miƙa wa majalisar gudanarwa. Jami'ar tarayya hukumar gwamnati ce, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta hau kanta: ka rubuta wa magatakarda, ka fayyace takardar da kake so da shekararta, ka karɓi kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Kwana 7 doka ta ba su su amsa.

Baba_Alkali:
Ƙari kaɗan a kan wannan: suna iya neman ƙarin kwana 7 idan takardun suna da yawa, kuma ba za su ba ka bayanan sirri na wani ɗalibi ko ma'aikaci ba. A nemi jimilla da kwafin wasiƙun hukuma, kada a nemi fayil ɗin mutum.

Maman_Ilham:
Baba Magatakarda, wasiƙar tantancewar nan, uwa za ta iya zuwa sashe ta nemi a nuna mata kai tsaye, ko sai ta rubuta?

Tsohon_Magatakarda:
Ki fara da ofishin shugaban sashe, Hajiya, yawanci za su faɗa miki matsayin kwas da shekarar da ayari ya zo na ƙarshe. Ki ƙirga daga wannan shekarar: in cikakkiya ce ki ƙara 5, in ta wucin gadi ce ki ƙara 2, ki ga ko wa'adin zai ƙare kafin yarinyar ta gama. In kwas ɗin jinya ne ko haɗa magunguna, ki tambayi ta majalisar sana'ar ma, da gurbin da aka ba su, kamar yadda Alƙali ya faɗa.